Mai Zanen Balansiya da Ƙasar Sarkin Baba

Jama'a masu sauraro, musamman 'yan'uwa na ƙasar Rano da Kibiya, da na Rurum da Tarai da Saya-Saya, da duk wanda muryar nan ta riska yana hutawa a gindin darbejiya ko yana kan hanyar komawa gida daga fadama. Sharhinmu na yau a kan wani mutum ne wanda sana'arsa ta ido ce, alhali kuwa mu a nan kunne kaɗai muka mallaka. Kuma ko da yake Hausawa sun ce gani ya kori ji, tun da akwatin rediyo ba shi da taga, sai ku ara mini hankalinku, ni kuwa in yi iyakacin ƙoƙarina in siffanta muku abin da ba ni da ikon nunawa.

Sunan mutumin Joaquín Sorolla, mutanen ƙasarsu suna furta shi Soroya, kuma an haife shi ran 27 ga Fabrairu 1863 a birnin Balansiya, a gaɓar teku ta gabashin Sifaniya. Samarinmu masu kallon ƙwallo sun san garin da sunan Valencia, amma malamanmu na zaure sun riga su saninsa, gama yana cikin ƙasar Andalus wadda littattafanta suka cika gafakarsu: a can aka haifi Ibn Jubair mai labarin tafiye-tafiye a 1145, kuma a ɗan kudu da shi ne garin Shaɗiba yake, mahaifar Imamu Shaɗibi, wanda duk mai neman ilmin ƙira'o'i ba ya iya kauce wa baitocinsa. Musulmi sun riƙe birnin har zuwa 1238, sa'ad da Sarki Jaime na Ɗaya ya karɓe shi, kuma a 1609 aka kori sauran zuriyarsu daga ƙasar. Sun tafi, amma hanyoyin ruwan da suka shimfiɗa a gonakin birnin suna nan suna aiki, har ma akwai wata kotun manoma, wadda masana da yawa ke danganta asalinta da wancan zamani, da ke zama kowace Alhamis da tsakar rana a bakin ƙofar babbar majami'ar garin, ta yanke hukuncin rigimar rabon ruwa da fatar baki nan take. Masu noman rani a Kadawa da Bunkure, waɗanda suka san yadda ruwan Tiga ke haɗa maƙwabta husuma, sun fi kowa gane amfanin irin wannan zama.

Soroya yana da shekara 2 annobar kwalara ta 1865 ta ɗauke uwarsa da ubansa, ya zama maraya gaba da baya, shi da ƙanwarsa Concha. Sai 'yar'uwar mahaifiyarsu ta ɗauke su, mijinta kuwa maƙerin kwaɗo da makulli ne, kuma ya so yaron ya gaji maƙera kamar yadda kowane mai riƙo zai so wa ɗan riƙonsa abin cin tuwo. Amma da ya ga hannun yaron ba ya barin gawayi da takarda, bai tauye shi ba, ya bar shi yana zuwa ajin zane na dare bayan an tashi daga aiki, daga nan ya shiga makarantar zane ta birnin a 1878. Ni dai ina ganin wannan maƙeri ya cancanci a ambace shi da alheri, domin sau nawa baiwar da Allah ya ajiye a jikin maraya take mutuwa a hannun mai riƙo saboda rashin haƙuri, ba don mugunta ba.

Mutum na biyu da ya tallafe shi wani mai ɗaukar hoto ne, Antonio García, wanda ya ba shi aikin shafa launi a kan hotuna, gama a lokacin hoto baƙi da fari ne kawai. A wannan ɗaki ya koyi yadda haske ke faɗa wa fuska, da yadda ake yanke abin da ido ya gani a tsare shi cikin kusurwa huɗu. A nan kuma ya ga 'yar maigidansa, Clotilde, wadda ya aura a 1888, suka haifi 'ya'ya uku, kuma ya yi ta zana ta har ƙarshen ransa. Kafin auren ya je Madrid ya yi ta kwaikwayon ayyukan Velázquez a gidan ajiyar zane na Prado, kamar yadda kowane ɗalibi ke fara rubutu da bin sawun hannun malaminsa. A 1884 ya sami lambar yabo da wani babban zane na yaƙi, majalisar lardinsu ta ɗauki nauyinsa zuwa birnin Rum, daga can kuma ya leƙa Faris a 1885.

To, a nan ya kamata in tsaya in yi bayanin mazhabar da ake jingina shi gare ta. Tun da daɗewa al'adar masu zane a Turai ita ce su zauna cikin ɗaki mai taga guda, su zana sarakuna da yaƙe-yaƙe da ƙissoshin addininsu, su yi wata da watanni suna gogewa har sai sawun burushi ya ɓace, inuwa kuwa a wurinsu baƙa ce ko ƙasa-ƙasa. Sai wasu samari a Faransa, Claude Monet da abokansa, waɗanda suka baje kolin aikinsu tare a Faris a 1874, suka ce a'a: abin da ido ke gani haske ne da ke sauka a kan abubuwa, hasken nan kuwa ba ya zama, na hantsi dabam, na azahar dabam, na la'asar sakaliya dabam, saboda haka wajibi ne mai zane ya fita fili ya kama shi kafin ya gushe. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne, tun 1841 an ƙirƙiro zuba fenti cikin 'yan ƙananan kwanson ƙarfe masu murfi, mutum ya iya sa launukansa a jaka ya tafi bakin kogi. Soroya bai zauna cikin jama'arsu ba, kuma bai yar da ƙwarewar siffanta jikin mutum da ya koya a makaranta ba, amma ya ɗauki wannan fahimta ya kai ta inda rana ta fi ta Faransa ƙarfi, wato bakin tekun garinsu.

Wanda ke son ya gane maganar, ba sai ya je Turai ba. Ranar Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, ya dubi dattijon da ya sa farar babbar riga ya zauna a gindin bishiya yana jiran huɗuba, ya duba da kyau, ya tambayi kansa: shin rigar nan fara ce? Zai ga kafaɗar da rana ta ratso ganye ta taɓa tana ɗaukar ido har da ɗan rawaya-rawaya, cikin ninkin hannun rigar kuwa shuɗi-shuɗi ne saboda sararin sama, gefen da ke fuskantar ƙasa ya ɗebo jan ƙasar, ƙirjin kuma ya ɗan yi kore saboda ganyen da ke bisa. Hankali ne ke gaya mana riga fara ce, domin mun san a kasuwa fara aka saya. Ido kuwa launi biyar ko shida yake gani. Duk rayuwar Soroya a kan wannan ta tafi. Yana da wani zane na 1896 inda mata da maza suka shimfiɗa babban farin ƙyallen da iska ke bugawa ta tura jirgin ruwa, suna ɗinke shi a wata farfajiya mai shuke-shuke, rana tana ɗigowa ta tsakanin ganye. Idan mutum ya matsa kusa sai ya ga shafe-shafen shuɗi da rawaya da ruwan hoda kamar an yi su da gaggawa, idan ya ja da baya taku biyar sai ya ga ƙyalle fari fat, har ya ji kamar zai iya jin nauyinsa a hannu. Da gaggawar kuwa aka yi, gama yakan kafa katon ƙyallensa a kan rairayi, ya ɗaure shi da igiyoyi don kada iska ta kwashe, ya yi ta aiki da hanzarin mai shanya da ya hango hadari ya taso daga gabas.

Abin da ya fi jan hankalina, duk da haka, shi ne waɗanda ya zaɓa ya zana. A 1894 ya yi zanen dawowar masunta: takarkarai biyu sun shiga ruwa har ƙirji suna jan jirgi zuwa tudu, wani mutum yana zaune a kan ɗaya daga cikinsu, iska ta cika ƙyallen jirgin, gwamnatin Faransa ta saye shi. A shekarar nan kuma ya yi wani wanda ya fi shi nauyi a zuci. A cikin cikin jirgi ne, wuri mai duhu, haske kaɗan yana saukowa daga bisa. Wani saurayi masunci yana kwance ba riga, ya ji rauni, da ɗan abin wuya na addininsu a ƙirjinsa. Tsofaffi biyu sun durƙusa a kansa, ɗaya ya tallafe shi ta hammata, ɗaya yana danna tsumma a kan raunin, ga kwanon ruwa a gefe, ga kifin da suka kamo a jibge a lungu. Sunan da ya sa wa zanen shi ne cewa, wai har yanzu mutane suna kukan kifi ya yi tsada. Duk manomin da ya taɓa kai buhun masara kasuwa, mai saye ya taya masa tayin wulakanci bayan ya sha zafin noman fari da maimai, ya san abin da ake nufi ba sai an yi masa tafsiri ba.

A 1899 ya zana wasu yara naƙasassu, wasu da sandunan dogarawa, wani malamin kirista mai baƙar tufa ya kawo su wanka a teku, yana riƙe da hannun ɗaya daga cikinsu. Wannan zane ne ya ba shi babbar kyauta a baje kolin duniya na Faris a 1900, kuma daga shi bai ƙara komawa ga zanen baƙin ciki irin wannan ba.

Na san akwai malami ko almajiri da ke saurare yana cewa, ina hukuncin sura? Tambaya ce a kan hanya, kuma ba zan tsallake ta ba. Abin da ke cikin littattafan mazhabarmu ta Malikiyya shi ne, an rarrabe tsakanin siffar mai rai wadda take da jiki da inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, wadda aka haramta, da wadda aka zana a kan takarda ko bango ko tufa, wadda hukuncinta ya sauko zuwa karhanci ko saɓa wa abin da ya fi. Wasu malamai na wasu mazhabobi sun tsananta fiye da haka. Bishiya da dutse da jirgi da gini kuwa babu saɓani a kan halaccinsu. Fatawa ta malamai ce, mai sharhi ba mufti ba ne. Kuma ba zan ɓoye muku ba, cikin zane-zanen mutumin nan na yara masu wanka a bakin teku akwai waɗanda kunyarmu ba za ta ɗauka ba. Ba don mu bi shi sau da ƙafa na kawo labarinsa ba.

Daga 1900 duniya ta buɗe masa. Ya baje zane kusan 500 a Faris a 1906, ya zana Sarki Alfonso na 13 a tsaye cikin lambu a 1907, ya je Landan a 1908, inda ya gamu da wani attajirin Amurka mai son al'adun Sifaniya, Archer Huntington. Shi ya gayyace shi New York a 1909, inda cikin wata guda mutum wajen 160,000 suka yi layi cikin sanyi don su ga zanensa 356, aka sayi 195, har ya shiga fadar shugaban ƙasa ya zana William Taft. Ɗan riƙon maƙeri ya zama mai dukiya, ya gina gida a Madrid, ya tsara lambunsa da kansa bisa fasalin lambunan da sarakunan Musulmi suka bari a Garnaɗa da Ishbiliya, da ƙoramu da tafkuna ƙanana, waɗanda ya je ya zana su da idonsa.

Sai dai a gida bai tsira daga harshen masana ba. A 1898 Sifaniya ta sha kashi a hannun Amurka, ta rasa Kuba da Filifin, marubutan ƙasar irin su Unamuno da Baroja suka shiga zaman makoki da binciken cutar da ke cin al'ummarsu, suka ga wannan mai zane yana nuna musu rana da teku da fararen tufafi kamar babu abin da ya faru; suka fifita Ignacio Zuloaga mai zana ƙasar da duhunta da talaucinta. A ganina suna da rabin gaskiya. Haƙiƙa kasuwa ta ja shi, kuma attajiri ya fi son rataya hoton farin ciki a ɗakinsa bisa ga na masunci mai rauni. Amma sun yi kuskure da suka ɗauka cewa duhu ne kaɗai gaskiya, domin talakan da ke jan jirgi cikin rana shi ma yana dariya, yana da ranar idinsa, kuma wanda ya nuna shi kullum cikin ƙunci ya rage masa mutunci kamar yadda wanda ya ɓoye ƙuncin ya rage.

A ƙarshen 1911 Huntington ya ba shi aikin da ya cinye sauran ƙarfinsa: ya ƙawata wani babban zaure a New York, a kan dala 150,000. Shi attajirin, tarihin ƙasar ya so a zana masa, da sarakunanta da yaƙe-yaƙenta. Soroya ya ce shi lardunan ƙasar zai zana, da mutanensu kamar yadda suke a ranar, gama ya lura jirgin ƙasa da masana'antu da tufafin kanti sun fara share sutura da sana'o'in ƙauye, kuma abin da bai kama ba yanzu, jikokinsa ba za su same shi ba. Ya shekara yana yawo lardi-lardi yana gwaji, yana tara mutanen ƙauye su tsaya masa cikin kayansu na gado, wani lokaci ma ya sayi kayan ya adana. Sa'an nan ya yi zane 14, tsayin kowane wajen mita uku da rabi, idan aka jera su kuwa sun kai kusan mita 70. Akwai bikin gurasa na Kastila, wanda shi kaɗai ya kusa mita 14, akwai makiyaya da garken shanu, da masu tsinkar dabino a Elche, da kasuwar aladu da ta kifi. Na ƙarshe, masu sauke kifin tuna a Ayamonte, ya gama shi a 1919, a gajiye matuƙa. A watan Yuni 1920, yana cikin zana wata mata a lambun gidansa, ɓarin jikinsa ya shanye, bai ƙara riƙe burushi ba, ya rasu ran 10 ga Agusta 1923 yana da shekara 60. Ba a buɗe zauren ba sai 1926, bai ga aikinsa a rataye ba. Matarsa ta yi wasiyyar gidan da abin da ke ciki ga ƙasa, aka buɗe shi ga jama'a a 1932.

Ko wannan babban aiki yana da aibi guda, wanda shi ne ya fi shafarmu: a cikin da yawa daga zane-zanen, mutanen sun fito ne cikin kayan ado na ranar biki, ba cikin tsumman aiki ba, don haka mai kallo ya fi sanin yadda suke kwalliya bisa ga yadda suke neman abinci.

Yanzu mu dawo gida. A cikin labarin Hausa Bakwai, sa'ad da aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Gobir aka ba yaƙi, Katsina da Daura kasuwa, Kano da Rano kuwa aka kira su sarakunan baba. Ashe ke nan ƙasar Autan Bawo, wato Rano, tun asali ƙasar launi ce. Baturen nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a wannan ƙasa suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Kuma ba a cikin birni kaɗai ake yin su ba, garuruwan kudu, Kura da maƙwabtanta, suna da kaso mai tsoka. Marini mutum ne mai ido: ya dubi kumfar da ta taso a bakin karofi ya san ko baba ya nuna, ya tsoma ƙyalle ya ɗago shi kore-kore, ya riƙe shi a iska yana kallo har ya juye shuɗi a hannunsa, ya san sau nawa zai mayar kafin ya kai baƙin da Buzaye ke nema, a mabuga kuma a yi ta dukansa da shuni har ya riƙa walƙiya. Ilmin haske da launi ne wannan, bai gaza na Balansiya ba, illa dai shi ba a rubuta shi ba. Yau a garuruwa da yawa karofi ya cike da shara, masaƙa ta koma itacen wuta, tsofaffin da suka san aikin suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, abin da muka sani game da kakanninmu kuwa mafi yawansa daga littafin baƙo muke karanta shi.

Ga shi kuwa babu zamanin da kayan adana siffa suka yi arha kamar namu. Kowane saurayi yana da waya mai ɗaukar hoto a aljihu, amma buɗe ta ka gani: hawan Sallah, da ɗaurin aure, da taron siyasa, da shi kansa a jingine da motar da ba tasa ba. Ba na ƙin hawan Sallah, ado ne na ƙasa. Sai dai dawakin Sarki ba su rasa mai ɗaukarsu ba, wanda ya rasa shi ne maƙerin da ke ɗora ruwan garma, da mai ginin rumbu, da tsohuwa mai kaɗi da mazari, da mai zayyana allon sauka, da magini mai fitar da dagi a fuskar soro, da duwatsun Rurum yadda suke da sassafe a cikin hunturu kafin a fasa su a sayar da tsakuwa.

Saboda haka kirana ga masarautar Rano, da hakimai da dagatai na Rano da Kibiya, da shugabannin ƙananan hukumomin biyu: a sa a ƙidaya tsofaffin masu sana'ar hannu da suka rage a kowace gunduma, a tura matasa su zauna da su, su ɗauki aikin tun daga farkonsa har ƙarshensa, su rubuta sunan kowane kayan aiki daga bakin mai shi, a ajiye a wuri guda da ɗan makaranta zai iya zuwa ya gani. Malaman firamare da na Islamiyya kuma, idan kun ga yaron da ke cika bayan littafinsa da zane, kada bulala ta zama amsarku ta farko. Ku kira uban ku yi shawara, gama akwai sashen koyar da zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun shekaru masu yawa, kuma 'ya'yan wasu ne ke cika shi. Kai kuma saurayi mai waya, idan akwai tsoho marini ko masaƙi a unguwarku, je ka gaishe shi a wannan mako, ka nemi izininsa tukuna, sa'an nan ka ɗauka.